Hannun da Aka Ciro Daga Ƙotar Fartanya

Attahiru na Kebbe manomin gero ne, ba attajiri ba, ba malami ba. Abu biyu aka san shi da su, noma da loma. Shekara talatin ana ciyayya a ƙofar gidan maƙwabcinsa Jumare bayan magariba, kowane magidanci ya fito da akushinsa a haɗa, kuma kowa ya san in Attahiru ya sa hannu a tuwo, mai sanyin jiki sai dai ya suɗe miya.

Kakar bara waccan injin sussuka ya kama masa hannun dama. A asibiti aka cire yatsu huɗu, aka bar masa babban yatsa da rabin tafi. Bai yi kuka ba, bai yi raki ba. Masu zuwa jaje sai yabon tawakkalinsa suke yi, ba su san shi dai ba ya jin komai ba ne, daɗi ko ɓacin rai. Ya warke, ya koyi riƙe fartanya da hagu, amma bai sake zama wurin ciyayya ba. Liman ya ce masa lalura ce, ba laifi ya ci da hagu. Ya ce ya ji. To, mutumin da tun yana yaro ake buge masa hannu in ya miƙa hagu, ta yaya zai tsoma ta cikin akushin mutane? Matarsa Batula ce ke kai masa tuwo ɗaki, ya cinye bai san ko miyar kuka ce ko ta kuɓewa ba.

Yana da 'yar ƙane, Hamdiya, wadda ta koyo zanen kaya a kwamfuta a Sakkwato, tana aiki a wata cibiyar koyar da sana'a a Tambuwal. Suna da wani inji a can mai narka roba zare-zare, yana jera ta hawa kan hawa har abin da aka zana ya fito, ka ɗauka da hannunka. Ta hawo mashin ta sha gargada har Kebbe, ta ɗauki hoton hagunsa da waya ta kowane gefe. Kwamfuta ta haɗa hotunan, ita kuma ta juya siffar ta koma dama. Bayan mako biyu ta dawo da yatsu huɗu na roba masu maɗauri, har da farce. Mutanen gida suka yi ta santi.

Attahiru ya daɗe yana kallon ƙaramin yatsan. A karkace yake.

"Wanga ɗan yatsa na hagu na," ya ce. "Igiyar bijimi tak karya shi ina yaro. Mi yak kawo shi nan?"

Ta yi masa bayani. Ya kwance maɗaurin ya miƙa mata.

"To ai hagu ta, ɗiyata, kinka juya ta. Ita ni ka sa wa mutane cikin tuwo?"

Ta ce, "Baffa, minti guda ya ishe ni in miƙe shi." Ya ce komai daɗewar icce a ruwa ba ya zama kada. Ta ce to za ta auna hannun babanta, ya ce shi da girmansa ba zai ci da hannun ƙanensa ba. Ba faɗa yake yi ba, yana magana ne kamar mai ba da labarin gonar wani. Hamdiya ta ji haushi ƙwarai, don ta sha wahalar aikin.

Batula ce ta shiga rumbu ta ɗauko tsohuwar fartanyarsa. Zufa da riƙo na shekara da shekaru sun cinye ƙotar, sun bar gurbi huɗu masu santsi, kuma dama ce kaɗai ta taɓa riƙe ta. Hamdiya ta tafi da ita Tambuwal, ta ɗauki siffar gurbin, ta cika kowanne da yatsa a kwamfuta. Hannun farko da injin ya fitar ya yi faɗi, na biyu ya karye, wani kuma tuwo ke maƙalewa tsakanin yatsunsa. Na shida ne ya zauna. Yatsun a haɗe suke, a lanƙwashe kamar ludayi, ba farce, ba kyan gani. Attahiru ya ɗora shi a kan ƙotar, ya hau daram. 

Ran nan bayan magariba ya fito da akushinsa. Jumare ya matsa masa wuri. Ya yi bisimilla, ya yanko tuwo, babban yatsa ya danne, ya dangwali miya ya kai baki. Ashe yanzu aka kwashe tuwon. Da can yatsu ne ke fara gaya masa zafi, roba kuwa ba ruwanta. Lomar ta ƙone shi tun daga harshe har ƙirji.

Jumare ya ce, "Ka bari shi huce mana."

"Hannun bai gaya man ba."

Hawaye suka zubo masa, na farko tun ranar injin, kuma suka ƙi tsayawa. Kowa ya ɗora wa tuwo laifi, shi ma bai musa ba. Ya goge fuska da hagu, ya sake miƙa dama cikin akushin.