Wai sai yanzu na haihu

'Yata ta fari da tiyata aka ciro ta, don a gicciye ta kwanto. Tun daga ranar na shiga bakin matan layinmu a Dogo Nini: raguwa, wadda aka farka, wadda ba ta san naƙuda ba. Wankan jegon da ɗinki ya hana ni yi da tafasasshen ruwa ma sai da aka goranta mini. Shekara huɗu ina haɗiye wannan takaici.

Da na samu ciki na biyu, likita ta duba katina ta ce zan iya gwada haihuwa da kaina, da sharaɗi ɗaya: ciwo na farawa in taho asibiti, domin mahaifa tana iya ɓarkewa ta wurin tsohon ɗinki. Uwar mijina, da ta zo daga Gadaka jiran haihuwar, tata dabarar daban ce.

"Ki daure a ɗaki sai kai ya leƙo," in ji ta. "Kika je da wuri, yanka ki za su sake yi. Hannunsu ƙaiƙayi yake."

Da hantsi ciwon ya fara. Maigidan yana kasuwar shanu, wayarsa ba ta shiga. Tsohuwa ta ɓoye hijabaina duka, ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi. Na yafa zanin gado, na raɓa ta gefenta, na tsayar da keke napep ina cije leɓe. Haushi ya ma fi ciwon cina.

A asibiti, wuni guda nas tana sauraron bugun zuciyar ɗan, ga ɗakin tiyata a shirye ina hango ƙofarsa. Bayan la'asar na haifi namiji da kaina.

Bayan kwana biyu muka koma gida. Tsohuwa na ta iza wuta a tukunyar wanka tana faɗa wa 'yan barka addu'arta ce ta ci. Wata maƙwabciya ta dafa ni ta ce, "Barka. Ai sai yanzu kika haihu."

'Yata tana jingine da gwiwata. Ta ɗago kai. "Umma, ni ba ke kika haife ni ba?"

Mata suka yi dariya. Na ja hannunta na ɗora a kan tabon da ke ƙasan cibiyata. Shekara huɗu ni ma wannan barkar nake jira a yi mini.