Sunan Tsargiya da Turanci

Watana uku da fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a unguwar Sauka Kahuta, likita ya ce ni zan yi wa ma'aikata bayani kan tsargiya ranar Alhamis. Cutar na san ta, kullum ina ganin ƙwayayenta a fitsarin da ake kawo mana daga ƙauyuka. Sunanta na Turanci ne ya gagare ni: schistosomiasis. A makaranta rubuta shi kawai na iya, ban taɓa faɗinsa a gaban mutane ba.

Ranar Talata ina wanke kwalabe ina ta maimaita "sikistosomiyasis", sai babbar nas ɗinmu ta leƙo. 'Yar garin Gwada ce, ta kusa ritaya, kowa Mama yake ce mata. A Hausarta mace da namiji duk "kai" ne.

"Kai yarinya, wane sabon ciwo ne wannan?"

Na nuna mata takardar da na rubuta sunan a kai. Ta karɓi birona ta ja layi biyar a tsaye cikin kalmar.

"Gaɓa shida ne. Kada ka haɗiye shi gaba ɗaya." Ta shiga buga tebur da yatsa. "Shis. To. So. Mai. A. Sis. A ta huɗu za ka ɗaga murya. Mai, kamar na miya."

Ta farkon ce ta fi ba ni wuya. Bakina ya saba cusa wasali tsakanin baƙaƙe, sai in ji "shisi" ya fito. Kwana biyu ina fama, har a cikin keke daga gidanmu a Limawa. Wata safiya mai keken ya waiwayo ya tambaye ni ko addu'a nake yi.

Ranar Alhamis na faɗi kalmar sau huɗu ban yi tuntuɓe ba. Da na zauna likita ya miƙe zai ƙara bayani, sai na ji ya fara ta da "skis". Na saci kallon Mama, ko a jikinta.

Bayan an watse na same ta a ɗakin allura.

"Mama, tsakaninki da likita wa ya yi daidai?"

"Duka biyu ana faɗi. Shi da malaminsa, ni da nawa. Ka riƙe ɗaya."

Na riƙe nata. Ta miƙo min kwalabe uku a cikin tire, ta ce in hanzarta, masu su tun safe suke zaune a benci.