Malamin da Ke Ajiye wa Abokin Gardama Kujera

Bayan la'asar yake zuwa, ya buɗe ɗakin ƙarshe na makarantar manya, wanda ke jikin banɗaki, ya goge allo da hannun riga. Sai ya jawo kujera guda ya ajiye a gefensa, ba kowa a kai. Haka malamin falsafa ya yi shekara da shekaru, har ido ya fara gazawa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, hukumar makaranta kuwa ta riga ta auna ɗakin, sito za ta mai da shi.

Kujerar ta wanda ake shirin ƙaryatawa ce. A ajinsa ba ka sukar ra'ayin kowa, rayayye ko matacce, sai ka hau ta ka faɗi ra'ayin yadda mai shi zai ji ya ce, haka nake nufi. Yakan ce malamanmu na da, da masu binciken ma'anar sani na yanzu, sun haɗu a abu guda: hadda daban, fahimta daban, kuma marar adalci ba ya fahimta ko da ya haɗiye ɗakin karatu.

A gabana aka yi da wani tela da ƙanensa direba, waɗanda suka daina gaisawa a kan ko hankali shi kaɗai yana iya gane kyakkyawa da mummuna. Malam ya ce telan ya hau kujera ya kare ƙanensa. Ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Malam, in na faɗe shi da kyau ai sai in yarda da shi."

"Ashe ba ƙanenka kake gudu ba," in ji Malam.

Har yau ba su daidaita a kan mas'alar ba, amma mota ɗaya ke kai su gida.

Kai ne, Malam, mai haƙurin sauraron shirme har ƙarshensa. Mu huɗu muka rage maka. Da muka tashi za mu je mu yi wa hukuma tijara a kan ɗakin, ka ce mu fara faɗin hujjarta. Muka faɗa: littattafan yaran da ke karatu a makarantar da safe na jiƙewa a baranda, mu kuwa tsofaffi huɗu ne. Hujjarsu ta fi tamu. Ka san haka za a yi, ka kuma san ajinka ne zai tafi.

Na gode, Allah ya saka maka. Ku kuwa masu saurin yanke wa mutane hukunci, ku gwada hanyarsa ko sau ɗaya, ba ta kisa. Ni na shiga ajin ne shekarar da matata ta rasu, don ita kaɗai ke iya duban idona ta ce ban gane ba. Daga wata mai zuwa, in an rufe ajin, duk abin da na faɗa a gidana daidai ne, don ba sauran mai yi mini gardama.