Katakon Bakin Ƙofa a Jarwal

Shekarun baya, lokacin da muka iso Makka ni da mahaifiyata da yayana, ni aka bar wa zaɓen masauki. Ba don ni ce babba ba. Ni ce dai na yi boko har sakandare, kuma tun daga Kano, a mota, a jirgin ƙasan Sudan, har jirgin ruwa, ni ke karanta takardu in cike su. Har ta kai ko burodi za a saya sai yayana ya juyo ya dube ni. Ni kuwa abin ya hau mini kai.

Mun zo da sauran watanni kafin Hajji, gidaje ba su cika ba, don haka muka sami sararin zagayawa. Mun ga wani a Zahir mai fili da iska, amma ya yi wa Harami nisa. Mun ga wani a kan dutse, na ƙirga matakala har na gaji. Inna tana fama da gwiwa, tafiyar nan ma da ƙyar ta kawo ta, saboda haka duk gidan da muka shiga abu biyu nake dubawa: kusanci, da rashin hawa.

A rana ta uku muka shiga wani lungu a Jarwal. Mai gidan dattijuwa ce haifaffiyar Makka, kakanninta ne suka zo daga Katsina, Hausarta rabi Larabci. Ɗaki biyu gare ta da babu kowa a ciki. Ɗaya a bene, ɗaya a ƙasa, wanda ƙofarsa ke kallon lungu, kuma sai ka sauka matakala uku kafin ka taka daɓensa. Ina shiga na ji sanyi kamar cikin randa. Nan take na yanke.

Ta ce, “La, ya binti. Ku ɗauki na fog, na sama. Wannan tarkace nake zubawa, ba na son sa mutum a ciki.”

Na ce, “Hajiya, Inna ba ta iya hawa bene.”

Ta nuna yayana da haɓa. “Ga ƙato nan yana cin abinci a banza. Ya goya ta mana.”

Yayana ya yi dariya, Inna ma ta yi. Ni ban yi ba. Sai Hajiya ta ja hannuna ta ɗora a bango, inda launin farar ƙasa ya canja, daidai ƙuguna. Ta ce wannan sawun sel ne, wato ambaliya. Na leƙa waje na dubi duwatsun nan baƙaƙe da ko ciyawa babu, na ce mata, cikin ladabi a ganina, “Hajiya, ai a makaranta an koya mana ƙasar nan hamada ce.”

Ta ce, “Hamada ce mana. Shi ya sa ba ta shan ruwa, mu take miƙo wa.”

Da ta ga na kafe sai ta sallama, amma da sharaɗi. A jikin ƙofar ɗakin, hagu da dama, akwai tsaga. A gefe kuma wani katako mai kauri yana jingine. Ta ɗauke shi ta zura a tsagar, ya toshe ƙofar daga ƙasa har saman gwiwa, sannan ta zare ta mayar. Ta ce da an ji ihun sel, shi ake fara sawa kafin a nemi takalmi. “Nan yake kwana, nan yake tashi. Kada ki kai mini shi ko’ina.”

Na ce to.

Ɗakin sama wata mata ce ta kama da mijinta, Musulmi daga wani gari a ƙasar Sabiya. Doguwa ce kakkaura mai jan kumatu. Ba ta jin Hausa, ba ma jin nata, Larabcinmu mu matan duka bai wuce sallama ba. Amma kullum da hantsi sai ta sauko ta zauna wurin Inna, ta miƙa mata wasu busassun ’ya’yan itace masu ɗan tsami da ta zo da su, su yi ta hira da hannu.

Bayan mako guda Inna ta fara kukan baya saboda sanyin daɓe. Na duba ɗakin, na duba bakin ƙofa, ga katako a jingine ba ya aikin komai. Na ɗauko shi na ɗora a kan garwa biyu, na shimfiɗa katifa, na rufe da zane. Ya zama gado.

Inna ta ce, “’Yar nan, ba wannan ne Hajiya ta ce a bari ba?”

Na ce, “Inna, in hadari ya taso ai za mu gani.”

Haka na saba a gida. Hadari ya haɗu a kanka, iska ta kaɗa, ka kwashe shanya, sannan ruwa ya sauko.

A kwanakin nan ni da yayana ziyara muka sa a gaba. Mun je Rijiyar Tuwa da ke nan kusa da mu, mun je maƙabartar Mu’alla, mun zaga kasuwanni muna kallon kayan da ba mu san sunansu ba. Saura Jabalin Nur. Ranar muka fita da sassafe, muka bar Inna a kan gadonta da buta da carbi. Hawan ya ɗauke mu lokaci. Da muka kai sama na ga Makka a kwance tsakanin duwatsu kamar tuwo a ƙasan kwano, kuma ko a lokacin ban gane abin da idona ke gani ba. Can gabas, nesa sosai, hadari ya yi baƙi. A kanmu rana ce tarwai. Har cewa na yi, “Yaya, ka ji iska mai daɗi.”

Wani tsoho mai sayar da shayi a wurin yana ta haɗa kofunansa. Ya yi wa yayana magana, shi da ya tsinci Larabci a Sudan. Na ga fuskar yayana ta canja.

“Ya ce duk mai mutum a kwari ya sauka yanzu.” Ya dube ni. “Katakon nan yana bakin ƙofa ko?”

Na juya na kama gangara. Ya biyo ni a guje.

Ban san yadda muka sauko ba, na dai san na bar takalmi ɗaya a dutsen. Motar da muka samu ta tsaya a rabin hanya, direba ya ce ba zai shiga ruwa ba. Muka bi ta jikin tudu da ƙafa. A ƙasanmu ruwa ne ja, yana gudu da ƙara, ɗauke da kwanduna da ƙyauren wani gida da akuya. Ruwan sama kuwa ɗan yayyafi ne kawai ya taɓa mu.

Bayan azahar muka isa lungun, ruwa ya fara janyewa. Ƙofofin maƙwabta duk da katakonsu a zure, mata na tsaye a bayansu suna kwarfe ɗan abin da ya tsiyaya. Tamu a buɗe take. Ɗakin ya cika. Katifa da buta da katakon suna yawo a kan ruwa. Na buɗe baki na ƙwala ihu, ina kiran Inna.

Daga tagar bene na ji an ce, “Ke, rufe mana baki, kin tara mana jama’a.”

Tana zaune a ɗakin matar nan, an naɗe ta da bargo, ƙafarta cikin wata safa ta ulu mai kauri. Ashe da aka yi ihun sel daga saman gidaje, Hajiya ta rugo bakin ƙofa ba ta ga katako ba. Inna ta ce mata, “Ina kansa.” Kafin su ɗaga ta ruwa ya tsallako yana zuba ta matakala. Hajiya ba ta da ƙarfin ɗaukar mutum, sai ta yi ta buga wa na sama kira. Matar nan ta sauko, ba ta tsaya tambayar komai ba, ta saɓa Inna a baya, ta ratsa ruwan da ita ta hau bene.

Na durƙusa gaban Hajiya ina jiran faɗa. Ta dube ni ta ce, “Ya binti, je ki ɗauko mini katakona.” Na shiga ruwan na jawo shi, na jingine shi inda yake. Ba ta ƙara tada maganar ba, har muka bar gidan. Ita kuwa matar da ta ɗauko Inna, na rasa da wane baki zan gode mata, sai na riƙe hannunta na ƙi saki. Ta bubbuga mini kai, ta tura mini ɗan itacen nan mai tsami a baki.

Hajiya ta kwashe kayanta daga wani ɗan ɗaki a saman gidan ta ba mu. Daga ranar yayana ne ke goya Inna sama da ƙasa, yana haki tana masa tsiya, wai gadon katako ya fi bayansa laushi.

A Makka muka yi zamanmu. In baƙi suka zo suka ce in raka su neman masauki, har yanzu ina duba kusanci da matakala. Amma bango nake fara shafawa, kuma in mai gida ya ce kada a taɓa abu, ba na tambayar dalili sai bayan na bar shi a wurinsa. In na hango baƙin hadari a gabas, ko rana na dukan kaina, sai na je na ga Inna da idona.

A wancan karon, da ɗakin ƙasan ya bushe na koma kwasar abin da ya rage. Ruwan ya bar sabon sawu a bango, sama da wanda Hajiya ta nuna mini. Na tsaya a jikinsa na gwada. Ya kai mini kafaɗa. Inna kuwa, ko a tsaye take, iyakarta kafaɗata.