Zanen Inna Hassi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko koko ban kai baki ba, aka kira ni a waya daga Shagari. Inna Hassi ta rasu.

Yaran yanzu ba ku san ta ba. Matar malaminmu ce, marigayi Malam Garba, wanda ya koyar da mu a elementare ta Bodinga tun Turawa ba su tafi ba. Mu 'yan Danchadi a zaurenta muke kwana. Ita ke ɗinke mana riga in ta yage, kuma ba mu taɓa shiga aji da yunwa ba.

Wata shekara Malam ya shirya wasan kwaikwayo, don Baturen makaranta zai zo rangadi. Labarin wani sarkin yaƙi ne da matarsa ta dinga zuga shi, tana kiransa rago, har ya kashe ubangidansa ya hau gado, ƙarshe duka biyun suka halaka. Lokacin 'yan mata ba sa fita wasa, sai aka ce ni ne matar, wai muryata siririya ce. Na yi kuka har da majina.

Inna ce ta ara mini zanenta saƙi. Ta leƙo muna gwaji a tsakar gida, ta tarar ina ta ɗaga murya ina nuna abokin wasana da yatsa. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

Ta ce, "Ummaru, wanga ba zugi ba na, hwaɗa na. Macen da ka son tura miji ba ta hargowa. Aje mishi tuwo, ka yi ƙasa da murya ka ce, ba komi Malam, kowa da yadda Allah ya yi shi. Wasu maza na, wasu ko haƙuri anka ba su."

Ranar wasan haka na yi. Wallahi filin ya yi tsit, wani dattijo ya miƙe yana tsine mini, ya manta yaro ne a cikin zanen. Daga ranar Inna ta laƙa mini suna Uwargida, kuma bai bar ni ba.

To ga abin da ya sa nake wannan rubutu.

Wasan ya burge Bature. Ya kira Malam gefe ya ce zai ba shi kujerar hedimasta, in dai zai shaida cewa mai kujerar, Malam Ladan, ya tsufa yana gyangyaɗi a aji. Malam Ladan kuwa shi ya ɗauko Malam Garba daga gona ya sa shi makaranta, shi ya tsaya masa wajen auren Inna.

Malam Garba ya dawo gida da maganar. Yana son kujerar, ba zan ɓoye ba, mutum ne. 'Yan'uwansa suka yi ta zarya wurin Inna: ke kaɗai yake jin maganarki, ki zaburar da shi, ko so kike ki mutu matar ƙaramin malami?

Ni shaida ne ta san kalmar da za ta faɗa, don ita ta koya mini. Kalma ɗaya ta isa.

Ina wanke kwano a bakin rijiya na ji ta aje masa tuwo ta ce, "Malam, in ka hau kujerag ga, da wane baki za mu gaida Baba Ladan da sahe?"

Washegari ya je ya ba Bature haƙuri. Gari ya ɗauka, daga kasuwar Bodinga har Sifawa, wai mijin-ta-ce, mace ta hana shi ci gaba. Har ya yi ritaya yana malamin aji, kuma ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai don wannan ba.

Bayan sallar layya da ta wuce na je gaishe ta a Shagari, wurin 'yarta. Ido ya tafi, amma ina yin sallama ta ce, "Uwargida, ke ta?" Ni da furfura da jikoki! Na tambaye ta ko gorin da aka yi wa Malam ya taɓa damunta.

Ta ce, "Ya dame ni mana. Amma gara su ce rago na aura, da in kwana ɗaki guda da wanda nim mayar maci amana."

Ina alfahari da na ci tuwon matar nan. Ina alfahari da na ɗaura zanenta.

Kun san wa ya kira ni da safen nan, yana kuka har ba na jin maganarsa? Jikan Malam Ladan. Ya ce kakarsu ta rasu, don haka suka ɗauki Inna, su ne ke haƙar kabari.

Allah Ya jiƙanki Inna, Ya yafe miki, Ya sada ki da Malam a Aljanna Firdausi. Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi mata addu'a ba.