Takardar Izinin Hawa Wurin Inna

Jama'a, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Don ku gane, mahaifiyata tana zaune a wani ƙauye can kan dutse, a bakin iyakar Kamaru. Tun ina shekara bakwai kawuna ya sauko da ni birni. Yanzu ba a hawa wurin sai da takardar izini, ita kuma sai da hoto biyu, da hatimin ƙaramar hukuma, da sa hannun mai unguwar can sama. Mako uku ke nan ina zirga-zirga a kanta, tun da wani mai kawo wake kasuwa ya ce min Inna ba ta jin daɗi. Waya ba ta shiga can.

To a mafarkin, sai ga ni a ofishin da ake ba da takardar, benci duk babu kowa, fanka na ta juyawa. Wata mata ta miƙo min takardar ta taga, hannunta kawai na gani. Ta ce, "Yini ɗaya aka ba ka. Kuma kada ka ƙetare iyaka."

Na ce, "Hajiya, ai hawan kansa yini ne."

Ta rufe tagar.

Sai kawai na gan ni a gindin dutsen, wurin shingen sojoji. Soja ɗaya ne, yana zaune kan taya yana ɗinke takalminsa. Ya tambaye ni wurin wa zan je, na ce wurin innata. Ya buɗe wani babban littafi mai sunayen mutanen ƙauyen, ya bi da yatsa har ƙarshe. Bai ce tana ciki ba, bai ce ba ta ciki ba. Ya ɗaga min sandar shingen.

Na yi ta hawa ni kaɗai, ko akuya ban haɗu da ita ba. Gajimare yana ƙasa da ni.

Sai kawai ga ni a tsakiyar ƙauyen. An share ko'ina, hayaƙi na tashi daga madafai, amma ba mutum. Ina jin mata suna hira a bayan katangun dutse, da yarenmu wanda na daɗe da mantawa. Duk gidan da na yi sallama sai hirar ta tsaya. In na wuce ta ci gaba.

Can bayan gari na hango Inna. Tana zaune kan falalen dutse tana ɓarar wake, amma a tsallaken wani farin siminti da aka kafa na iyaka. Taku biyar ne tsakaninmu. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Na ce, "Inna, ni ne Haruna. Na zo."

Ta ɗago ta dube ni, irin duban da ake yi wa baƙo mai tambayar hanya. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta faɗi kalma ɗaya da yarenmu, ta maimaita a hankali, kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

Nan na farka, kalmar tana bakina. Na kira kawu da safe na faɗa masa. Ya ce in sake faɗa, na sake. Ya ce yadda na furta ta, tana iya zama "matso," tana iya zama "koma gida."

Don Allah masu sani, mene ne fassarar wannan? Kirana take yi, ko sallamata?