Ƙusar da na taka saboda rufin ɗakin Bintu

Salamu alaikum ƴan ajinmu da duk masu leƙa shafin nan. Tun ranar da muka karɓi diplom ba ku ji ɗuriyata ba. Ba aiki na samu na manta da ku ba. Kwanciya na yi, yau ne na fara iya zuwa siber, shagon intanet, da ƙafata.

Mijina ya rasu ya bar ni da ɗiyarmu Bintu a wani ɗaki mai yoyo a nan Diffa. Yayansa, Ba Modu, da ke noman tattasai a Gueskérou, ya zo ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce: "Amarya, in damina ta same ku a nan, yarinyar nan wurinmu za ta koma."

Ban musa masa ba. Na fara sabon ɗaki.

Magini ya tada bango. Sauran duk ni ce: jan ruwa, jiƙa bulo, girki, wankin Bintu, da zare tsofaffin ƙusoshi daga katako don a sake amfani da su.

Ɗaya daga cikinsu na taka, da silifas a ƙafata.

Na wanke, na shafa toka, na ɗaure. Ban je likita ba, don in aka gan ni can da safe, kafin la'asar motocin tattasai sun kai labari Gueskérou, a ce na kasa riƙe Bintu.

Bayan kamar mako guda bakina ya ƙi buɗuwa sosai. Na ɗauka haƙori ne. Sai wuya ya sandare, sai baya. Maƙwabciyata Ya Falmata ta shigo aron rariya, ta tsaya tana kallona.

"Ke, dariyar me kike mini?"

Ba dariya nake ba. Fuskar ce ta ɗaure a haka. Ta ajiye rariyar ta fita neman mota.

Lokotoro, wato babban likitan, ya taɓa maƙogwarona da ɗan katako, haƙorana suka cije shi. Ya dubi tafin ƙafata ya ce: "Tetanos ne. Madam, toka ba ta kai inda ƙusa ta kai ba."

Aka buɗe ciwon aka wanke. Aka yi mini allurar kashe dafin, aka ɗaura ruwa, abinci ta roba ta hanci. Ɗaki mai duhu, ba magana, don ko kwano ne ya faɗi a waje jikina sai ya lanƙwashe. Maganin da tsada. Ya Falmata ta sayar da ƙofar ƙarfen da na saya wa sabon ɗakin.

Na ji tsoron mutuwa. Amma abin da ya fi ci mini rai, ina ji ina gani ba ni da bakin tambayar ina ɗiyata.

Ranar da haɓata ta saki, sunanta na fara kira.

Ya Falmata ta ce: "Tana wurina. Baffanta ya zo ɗaukarta, ta haye buhun siminti ta ce mamanta ba ta gama ba. Ya ce to, zai jira ruwan farko."

Na fito ina dafa bango. Kada in ƙara gishiri: kafinta ne ya buga yawancin kwanon, ni ina miƙa ƙusa daga kan kujera. Amma falle na ƙarshe na ce nawa ne.

Ina kan tsani, sanye da tsofaffin takalman gonar mijina, gabas ta yi baƙi, sai ga Ba Modu.

"Amarya, sauko! Wa ya aike ki?"

"Yaya, in taimako ka zo, riƙe mini tsanin."

Ya riƙe.

Ruwan ya same mu a ciki mu uku, buhu rataye a madadin ƙofa. Ba Modu ya bi kusurwa-kusurwa yana shafa bango, bai samu ɗigo ba. Ya ce da Bintu: "Ɗakinku ya fi nawa. In na zo cin kasuwa, a shimfiɗa mini tabarma."

Alhamdu lillahi. Ya Falmata, ma'aikatan likita, Allah Ya saka muku.

Ƴan uwana masu riƙe gida su kaɗai: ku sa takalmi mai kauri wurin gini. In ƙarfe ya soke ku, ku je likita a ranar, kowa ya gani ya gani. Ku ƙarasa allurar rigakafin da aka fara muku a awon ciki. Ni ban ƙarasa tawa ba. Ko wanda ya warke sai an yi masa, an riga an fara mini.

Bintu tana gida. Saura ƙofa.